Fangali Huɗu na Zinariya

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Hadiyya ce ta sa ni wannan aikin. Ta ce, "Baba, tunda ka daina magana da mutane, ka riƙa yi da takarda." Na ce mata ni da takarda mun daɗe tare, shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya ina jera wasiƙun jama'a, ban taɓa buɗe ko guda ba. Ta ce, "To yanzu sai ka buɗe taka." Yarinyar nan bakin uwarta ta ɗauko kaf.

Da na rubuta haka sai da na ajiye biron na ɗan lokaci.

Littafin da na samu a gida shi ne na ƙungiyar lambunmu, don ni, Munzali, ni ne magatakarda. Dokoki da sunayen mutane suna gaba, ni kuma na juya shi na faro ta baya. Ran da muka haɗu a tsakiya sai a san yadda za a yi.

Zinariya tana Sandamu, gidan Hadiyya. Wannan gaskiya ce, kuma ita nake ba duk wanda ya tambaye ni matata. Ta tafi gaisuwar Sallah Litinin ɗin da ta wuce, da niyyar kwana uku. Ranar Laraba da hantsi aka kira ni a waya.

Yau an yi zafi ƙwarai.

Talata, 23 ga Afrilu, bayan magariba

Na je na dawo. Kullum sai na je na dawo, direbobin tasha har sun fara ajiye mini gidan gaba.

Tun Asabar asibiti suka sallamo ta. Tana ɗakin da ke kusa da madafa, an saki labule. Cokali uku na kunu ta sha, na huɗu ya zube a wuyan riga, Hadiyya ta goge kamar ba ta gani ba. Na zauna ta hagunta, don ta nan take jin an riƙe ta. Na ce mata an gyara famfon masallaci. Ta dube ni. Na ce akuyar Audi maƙwabcinmu ta haifi uku. Ta dube ni. Shekara arba'in da huɗu matar nan ba ta taɓa bari na kai ƙarshen labari ba ta gyara mini shi ba. Yau na kai ƙarshen guda biyu.

Bari in rubuta maganar alkawarin, ko ta rage nauyi. Bara waccan muka je duba Shatu mai ƙosai, Allah ya jiƙanta, lokacin da irin wannan ta same ta. Ni na tsaya a zaure. Da Zinariya ta fito sai na ga ranta a ɓace. Ta ce ɗaki cike da mata, kowa ya zuba wa bakin Shatu ido, ana hirarta a gabanta kamar ta riga ta tafi. Muna cikin tafiya ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Malam, in har irin wannan ta same ni, kada ka bari a zo kallona."

Na ce, "Ke da kike faskare da kanki?"

Ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai na yi alkawari. Rana tana dukana, ga yunwa, na yi. Da na san abin da nake ɗauka, da na bar ta nan a tsaye har magariba.

Laraba, 24 ga Afrilu, da safe

Mako guda.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan azahar

Na shiga lambu da tsakar rana, lokacin da ƙadangare ma ya nemi inuwa. Da gangan na zaɓi lokacin. Mata da sassafe suke ban ruwa ko bayan la'asar, ni kuwa ba na son tambaya.

Wurin nan juji ne a da, a bayan makarantar firamare. Leda, mushen kaji, wari har cikin ajin yara. Shekara tara ke nan da Zinariya ta bi unguwa gida gida, ta zaunar da mai unguwa har ya gaji ya yarda, aka yi gayya kwana uku aka kwashe. Ni dai na riƙe mata takalmi. Da aka ce ana neman mai rubutu ta ce, "Ga Malam nan, ba ya komai." Haka na zama magatakarda, ba wanda ya tambaye ni. Yanzu gida ashirin da uku ke cin miya daga nan. Akwai tsofaffin da in ba don lambun ba sai su yi mako ba wanda ya ce musu ina kwana.

Fangalinta huɗu ne, dab da rijiya: tumatir, kuɓewa, yakuwa, sai jan alayyafo. Na ja guga goma sha biyu na malala musu. Ƙasar tana shan ruwan tana huci. Bayana kuma ya tuna mini shekarar da aka haife ni. Abin da ya ba ni mamaki, kwana goma sha biyu ba mai su, amma ƙasar ba ta ƙeƙashe ba. Wataƙila kusancin rijiya ne.

Da na dawo na buɗe littafin nan ta gaba. Doka ta huɗu: "Duk wadda ta yi mako huɗu ba ta taka lambu da ƙafarta ba, a ba wadda ke kan layin jira fangalinta. Tafiya ba uzuri ba ce. Ɗan aike ba ya tsaya wa mai fangali. Sai dai rashin lafiya, in an faɗe ta a gaban taro."

Rubutuna ne, maganarta ce. Ta kafa ta ne saboda masu kama wuri su tafi Kano wata uku. Ranar har na ce mata dokar ta yi tsauri, ta ce, "Lambu ba wurin ajiya ba ne, Malam, wurin haɗuwa ne. Rubuta."

Asabar sha uku ga wata ta taka lambu na ƙarshe. Na ƙirga da yatsa. Sha ɗaya ga Mayu.

Asabar, 27 ga Afrilu, da hantsi

An yi taron mako a gindin bishiyar bedi. Haulatu ce shugaba. 'Yar kawuna ce, taubashiyata, tun muna yara ba ta taɓa gaishe ni da sunana ba.

"Kai ɗan mace, ina ka kai mana Zinariya? Ko ka musanya ta da wannan tabarau?"

"Tana Sandamu."

"Sandamun da muka sani, ko an matsar da ita bayan Agadas?"

"Gidan Hadiyya take."

"Wayarta fa? Na kira har kunnena ya yi zafi."

"Ta faɗa ruwa."

Wannan ita ce ƙaryata ta farko. Sauran duk gaskiya ce da na rage wa tsawo. Haulatu ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "To, ka gaishe ta," ta koma kan maganar darni da awaki suka fasa. Wannan ya fi damuna. Ban taɓa ganin Haulatu ta bar tsokana a tsakiya ba.

Da na karanta sunayen masu jiran wuri, Maimuna ce a sama. Daga wajen Mashi ta zo da 'ya'yanta huɗu, bayan abin da ya tashe su daga ƙauyensu. Wata goma sha huɗu tana kan layi. Ba taron da take fashi. Tana ja wa tsofaffi ruwa, su yago mata ganye a bakin zane, ba ta taɓa tambayata ko layi ya matso ba. Da aka tashi ta durƙusa ta ce, "Baba, ya Inna?" Na ce lafiya lau. Ta ce madalla, idonta a ƙasa.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da yamma

Cokali biyu.

Talata, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Mun koma asibiti. Likita ya lanƙwasa hannun nan na dama da ba ya motsi ya miƙar, ya sake lanƙwasawa. Ya ce a riƙa yin haka safe da yamma. Ya ce kuma a riƙa fito da ita cikin mutane, a dame ta da hira, kada a bar ta da bango. Ya tambaya ko tana da ƙawaye. Na ce tana da su. Ya ce, "To ina suke?" Na duba takalmina.

A tsakar gida Hadiyya ta tare ni.

"Baba, ko Gwaggo Haulatu ce kaɗai."

"Na yi alkawari."

"Da mai lafiya ka yi shi."

"Ita ce dai."

Ta shige madafa tana buga tukwane kamar su suka yi mata laifi. Na shiga na zauna ta hagu. Na ce, "Haulatu tana gaishe ki." Ta kai hannun nan mai motsi ta jawo mayafi ta rufe fuska. Ba ta buɗe ba har na fito.

Kakarmu tana da wata tatsuniya ta mutumin da aka ba ƙwarya a rufe da faifai, aka ce ya kai wani gari mai nisa, kada ya buɗe. Yana tafe, abin da ke ciki yana kuka. Kullum a nan barci yake ɗauke ni. Yau shekara saba'in ban san ko ya buɗe ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan azahar

Ganyen tumatir ya fara rawaya, ya langaɓe. Na ga ƙishirwa ce, na ƙara musu. Guga goma sha takwas yau. Kuɓewar ma ba ta yi mini kyan gani ba.

In ta dawo ta tarar sun mutu, me zan ce mata?

In ta dawo.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Daga ƙofar masallaci zuwa ƙofar gida mutum tara suka ce mini ya iyali. Lafiya lau sau tara, da alwalata.

Asabar, 4 ga Mayu, da hantsi

Ban je taro ba. Na aika cewa bayana ne. Wannan ma gaskiya ce.

Saura mako guda. Na buɗe doka ta huɗu ko zan samu wata kafa da na bari lokacin da nake rubutawa. Babu. Na iya aikina a lokacin, Allah ya shirye ni.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Yau wata dabara ta zo mini, kuma rabon da in ji daɗin kaina irin haka tun kafin Larabar nan. Tunda ba ta cin abinci, me zai hana a yi mata miya da ganyen lambunta? Harshe ai ba ya manta nasa.

Na shiga da rana kamar kullum. A ƙarshen fangalin alayyafo akwai waɗansu guda bakwai da suka yi tsawo har ƙirjina, sun tsufa, sun fitar da kai ja wur. An ɗaura wa kowanne ƙyallen atamfa, na ga alama don kada iska ta kayar da su ne. Na ce waɗannan sun wuce lokacinsu, suna ma shanye wa ƙananan ruwa. Na tuge su duka bakwai, na karkaɗe ƙasar, na ɗaure. Fangalin ya yi fes.

Gobe da sassafe zan kai mata.

Talata, 7 ga Mayu, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na ɗaga labule da ɗaurin a hannu, ina murmushi kamar wanda ya dawo daga farauta. Ta dubi jan kan, ta dubi ƙyallen, ta dubi saiwar. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinta, ba zan kwatanta shi ba. Ta ɗauki kofin kunu da hagu ta jefo. Bai iso ni ba.

Hadiyya ta shigo da gudu, ta ga abin da na riƙe, ta dafe kai.

"Baba! Na iri ne! Wanda aka ɗaura wa ƙyalle ba a taɓa shi!"

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Akuya ce kaɗai ba ta sani ba."

Ta ja ni waje ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Jan alayyafon nan daga hannun uwar Zinariya ya fito, a nan Sandamu, ranar da za a kai ta ɗakina aka ƙulla mata shi a bakin zane. Tun daga nan kowace shekara sai ta bar bakwai su yi kai su bushe a tsaye, ta sussuke, ta adana. Duk wadda ta shiga lambu sabuwa, Zinariya ce ke damƙa mata ƙullin irin nan hannu da hannu, sannan a ce ta shiga. Na bara ta shuka, ragowar ta rabar. Waɗannan bakwai su ne na baɗi, kuma ba su ƙosa ba. Saura mako biyu ko uku.

Shekara tara ina magatakarda. Na rubuta dokar guga, na rubuta dokar awaki, na rubuta dokar masu shanya a kan darni. Wannan ba a ba ni na rubuta ba, don ba wanda ya zaci akwai mai bukatar a rubuta masa. Shekara arba'in da huɗu kuma ina cin miyar nan, ina cewa a ƙara gishiri.

Abu guda zan faɗa, Allah ya yafe mini. Harar da ta yi mini kafin ta jefo kofin, tata ce. Mako uku ban ga matata ba sai a cikin harar nan.

Laraba, 8 ga Mayu, da yamma

Ba ta ci komai ba. Ta juya wa ƙofa baya.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan azahar

Na tura ƙyauren lambu da tsakar rana, sai ga Haulatu zaune a kan bokiti a kife, lema a hannu, gaban ramuka bakwai.

"Wa ya tuge irin Zinariya?"

"Ni."

"Ita ta aiko ka?"

Na dubi ramukan.

"Zinariya ko a mafarki ba za ta aiko a tuge wannan ba." Ta gyara zama. "Munzali."

Na duba bayana ko akwai wani Munzalin. Tunda aka haife ni ban ji sunan nan a bakinta ba.

"Jibi taro. Ni ce shugaba, doka kuma tata ce. Ba zan tsallake ta ba, ga Maimuna a zaune da 'ya'ya huɗu. In na tsallake wa Zinariya, gobe kowa ya kawo tasa, lambu ya koma juji. In akwai magana, daga bakinka za ta fito. Ba daga nawa ba."

Na ce na ji.

Ta miƙe da ƙyar, gwiwa tana ƙara. A bakin ƙyaure ta juyo. "Kuma ka ajiye gugan nan. Wa ya ce maka ana ban ruwa da rana tsaka? Dafa su kake yi a tsaye, ɗan mace."

Na ajiye. Na zauna a kan bokitin da ta tashi, har aka kira la'asar.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan magariba

Na gaya mata komai. Na karanta mata doka ta huɗu daga littafin nan, ko da yake ta fi ni saninta. Na ce, "Gobe ne. In na yi shiru, fangali ya tafi. In na yi magana, alkawari ya tafi. Ɗaya ce za ta rage mana. Ga hannuna. In in faɗa, ki matsa sau ɗaya. In in yi shiru, ki janye naki."

Ba ta matsa ba. Ba ta janye ba. Hannun yana nan cikin nawa kamar tsuntsun da ya gaji. Hawaye ya bi ta gefe ya shiga kunne, na goge da bakin rigata.

Shekara arba'in da huɗu tana yanke mini shawara tun ban tambaya ba. Yau da na tambaya.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan azahar

An cika a gindin bedi, har waɗanda ba su saba zuwa ba. Na karanta abin da aka tattauna a makon jiya, wanda ban halarta ba. Haulatu ta ce, "Magatakarda, doka ta huɗu." Na karanta. Muryata kamar ta aro. Ta ce, "Akwai wadda ta cika mako huɗu?" Na ce akwai. Ta ce, "Akwai uzuri?"

Na dubi fangalin nan huɗu. Na tuna ta ranar gayya, zane ɗaure a ƙugu, kwandon shara a ka, tana yi wa mai unguwa tsawa ya matsa ya ba mutane hanya. Na ce a raina, matar da zan mayar wa alkawarinta cif, in ta juyo daga bango ta tarar ba inda za ta, me na adana mata?

Na faɗa. Ba zan sake rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya isa. Bai fi kalma goma ba. Na faɗi alkawarin ma, don su san abin da na karya.

Na jira salati da kururuwa. Ba wadda ta motsa.

Haulatu ta ce, "Uzuri ya karɓu. Rubuta." Sannan ta sauke murya. "Tun washegarin ranar muka sani. Ƙanwar mijin Hadiyya ba a kasuwarmu take sayar da daddawa ba?"

"Kuka bar ni ina ta lafiya lau?"

"Kai ka buɗe mana ƙofa? So kake mu haura maka katanga? Mun ce mutumin nan yana da dalilinsa, a yi masa kara. Ba mu san karar za ta ci mana iri ba."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Da tumatir!"

Ashe tun makon farko Maimuna ke zuwa bayan asuba ta ba fangalin nan huɗu ruwa daidai kima, ta cire ciyawa, ta tafi. Ni kuma in zo da rana in malala musu guga goma sha takwas. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, sai dai tabarau ya yi hazo, sai da na cire shi.

Da aka tashi na nemi Maimuna in yi mata godiya. Ita ce ta riga ni magana.

"Gara da ka faɗa, Baba. Da an ba ni, ban san yadda zan karɓa ba." Ta gyara mayafinta. "Ban kuma san yadda zan ƙi ba."

Haulatu ta ja hannun rigata. "Zo ka ga wani abu, sarkin noma." Ta zaga da ni lambun fangali fangali. Nan jan kai da ƙyalle, can jan kai da ƙyalle. Na ƙirga wuri goma sha ɗaya. "Duk jikokin nata ne," in ji ta. "Ka zaci abin da aka raba wa gida sama da ashirin, kai kaɗai za ka iya kashe shi? Kada ka ɗauki kanka da girma."

Mata suka fara shirya wa za ta ɗauki me zuwa Sandamu. Na roƙe su don Allah. Haulatu ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Me ta ce maka daidai? Kalmarta nake so, ba taka ba."

"Kada ka bari a zo kallona."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Shi ke nan."

"To," in ji Haulatu.

Lahadi, 12 ga Mayu, da yamma

Na gaya mata na faɗa. Na ce fangali yana nan. Ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta sa shi ƙarƙashin mayafi.

Litinin, 13 ga Mayu, da yamma

Ba ta dube ni ba. Na gwammace harara.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan magariba

Mako huɗu.

Ina zaune a gindin katangar Hadiyya da hantsi, sai na ji sallama. Haulatu ce da Maimuna. Na miƙe zan tare su. Haulatu ta wuce ni kamar turmi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, labule a sake yadda yake, ta zauna ta ba ƙofar baya, fuskarta tana duban madafa. Ta nuna wa Maimuna gefenta, ita ma ta zauna haka.

"Hadiyya! Gaya wa uwarki ba kallo muka zo ba. Mun san fuskar, tun tana budurwa ba wani abin kallo ba ce. Ƙara muka kawo."

Ba motsi a ciki.

Ta fara. Ta ce an sake jefa guga a rijiya kuma kowa ya rantse ba shi ba ne. Ta ce akuyar Audi da 'ya'yanta sun mayar da darnin gabas ƙofar gidansu. Ta ce wance ta shuka karas a bazara, an hana ta ta ƙi, yanzu tana zargin maƙwabciyarta da baki. Ta yi ta zuba, tana tambaya tana ba kanta amsa. Sannan ta zo kaina.

"Sai mijinki. Ke Zinariya, a ina kika samo wannan? Mutum ya shigo da rana tsaka yana sanɗa kamar ɓarawon kaji, ya dafa tumatir a tsaye, ya jiƙa kuɓewa har ta yi mura. Da ya ga bai gama ɓarna ba, ya dubi abin da aka ɗaura wa ƙyalle ya ce, wannan an yi masa ado ne don a kai shi Sandamu."

Daga bayan labule wani abu ya fito. Gajere ne, a karkace, ya sarƙe da tari. Amma na san shi. Ko a cikin kasuwa na ji shi zan juya.

Haulatu ba ta waiga ba. Na ga dai ta haɗiye wani abu. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙulli ɗan ƙarami, ta miƙa hannu ta baya ta tura shi ƙarƙashin labule.

"Na bara ne, daga wanda kika ba ni shekarar gayya. Bashi ba ne, kada ki ce na yi miki alheri." Ta gyara murya. "Ga Maimuna nan kusa da ni. Ita ke ba fangalinki ruwa tun da kika tafi. Wata goma sha huɗu tana kan layi, na sha biyar ya kama."

Kaza ta zo ta wuce. Sai labulen ya motsa daga ƙasa. Hannun hagu ya fito, yana jan ƙullin a kan siminti kaɗan kaɗan. Ya wuce gefen Haulatu. Ya tsaya a bakin zanen Maimuna, ya saki. Bai koma ba. Ya miƙe yatsu biyu.

Haulatu ta dubi ƙasa, hannun kaɗai ta duba.

"Biyu? To. Magatakarda, kana ina? Rubuta. Fangali biyu na Maimuna, daga hannun mai su."

Na ce, "Wanne da wanne?"

"Waɗanda ka kashe mana, ta tayar da su."

Maimuna ta ɗauki ƙullin da hannu biyu. Ba ta juya ba ita ma. Ta ce wa madafa, "Na gode, Inna."

Na rubuta a gaban littafin nan. A ƙasan dokoki kuma na ƙara ɗaya, ba wanda ya sa ni: abin da aka ɗaura wa ƙyalle ba a taɓa shi.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan magariba

Cokali bakwai jiya, tara yau, da miyar alayyafo daga fangalin Haulatu. Hadiyya ta ce da safe ta tarar an ɗan zuge labulen, kamar faɗin tafi. Ba ita ta zuge ba. Hannun dama yana nan yadda yake. Bakin ma.

Haulatu ta ce taron gobe a tsakar gidan Hadiyya za a yi, mutum biyar, kowa ya juya baya. Na ce ni fa? Ta ce ni ma, don fuskata ba ta taimakon mai jinya.

Jiya na shiga lambu bayan la'asar, lokacin mutane. Maimuna ta nuna mini yadda ake tsoma yatsa a ƙasa kafin a zuba. Mutum huɗu suka ce ya mai jiki. Na ce da sauƙi kaɗan, a ci gaba da addu'a. Ashe bai fi lafiya lau tsawo ba.

A bakin rijiya na tambayi Haulatu ƙarshen tatsuniyar kakarmu, ko mutumin nan ya buɗe ƙwaryar. Ta ce ita ma barci take yi.

Hannun dai ba ta ba ni ba tukuna. Na karya abin da na karya, ba zan ce ban karya ba. Gobe in an watse zan zauna ta hagu, in sake ba ta labarin akuyar Audi. Zan ce huɗu ta haifa, in gani.